Leƙen Asiri A Zamanin Intanet: Darasi Daga Jamus Da Amurka

A cikin watan Afrilu na 1974 aka kama Günter Guillaume, ɗaya daga cikin na hannun daman Willy Brandt, Shugaban Gwamnatin Jamus ta Yamma na lokacin. Ashe ɗan leƙen asirin Jamus ta Gabas ne, wanda ya shigo ƙasar tun 1956 da sunan gudun hijira. Shekara 18 ya yi yana haƙuri yana kutsawa. Da asiri ya tonu, Brandt ya sauka daga mulki a watan Mayu.

To, yanzu aikin ba ya bukatar wannan dogon haƙuri. A watan Maris na 2016 aka aika wa John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, wasiƙar imel ta bogi, wai ya sauya kalmarsa ta sirri. Ta wannan kafa aka kwashe dubban wasiƙunsa, kuma WikiLeaks ta soma bazawa ran 7 ga Oktoba, saura wata guda zaɓe. A 2018 mai bincike na musamman, Robert Mueller, ya tuhumi hafsoshin leƙen asirin sojan Rasha 12 da wannan kutse. Rasha dai ta musanta.

Abin lura shi ne manufar ta sauya. Guillaume ya saci asiri ne domin iyayengijinsa su karanta a ɓoye. Na 2016 kuwa an sata ne domin a watsa wa masu jefa ƙuri'a. Haka nan wani kamfani a birnin St. Petersburg ya buɗe shafuna da sunayen Amurkawa na ƙarya, yana rura wutar saɓanin launin fata da na addini. Facebook ya ce mai yiwuwa saƙonnin sun kai ga mutum miliyan 126. Har ma a 2020 ya rufe wasu shafuna irin waɗannan da ake tafiyarwa daga Ghana da Nijeriya, ana auna Amurkawa da su.

Watau ƙasar da ke bin tafarkin dimokuraɗiyya, 'yancin faɗar albarkacin baki da take alfahari da shi, shi ne ƙofar da baƙo ke nema. Toshe bakin jama'a ba magani ba ne. Maganin yana hannun ma'aikaci da zai tsare kalmar sirrin ofishinsa kamar makullin baitulmali, da ɗalibi da zai binciki tushen labari kafin ya tura wa wani. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.