Kwamfutar Cinya Da Ta Ƙi Kama Iska A Kuala Lumpur

Yau a filinmu na kimiyya za mu nufi Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Maleshiya, inda samarinmu da 'yan matanmu da dama daga Kano da Katsina da Maraɗi suke neman ilmi, wasunsu a Jami'ar Musulunci ta Duniya da ke Gombak a gefen birnin, wadda aka kafa a 1983. Da yawa daga cikinsu, musamman masu koyon aikin injiniya, suna aza wa kwamfutarsu ta cinya manhajar nan da ake kira Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, ya bar ta a buɗe, kowa ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani kyauta. Gwamnatin Maleshiya ma ta yi na'am da irin wannan manhaja, har a 2004 hukumarta mai suna MAMPU ta fito da shirin shigar da ita ofisoshin gwamnati.

To, sai dai akwai wata cuta da takan kama sabon shiga. Ya gama ɗora Linux, kome yana aiki, amma kwamfutar ta ƙi kama Wi-Fi, watau hanyar nan ta shiga intanet ba tare da waya ba. Ga shi kuwa ta nan ake rajistar darussa, ta nan ake miƙa aikin da malami ya bayar, ta nan ake gaida mutanen gida.

Ku fara da sanin cewa Wi-Fi rediyo ne, ba wani abu ba. Cikin kowace kwamfutar cinya akwai wani ɗan kati da bai fi kan sarki girma ba sosai, shi ne gidan rediyonta, yana watsawa yana karɓa. Masu kama gajeren zango sun saba da mita 16 da mita 25. Zangon Wi-Fi kuwa, a layinsa na gigahaz 2.4, wajen santimita 12 ne kacal. A layin gigahaz 5 kuwa wajen santimita 6. Saboda haka duk abin da ke hana akwatin rediyo magana yana iya hana wannan.

Mai hankali yakan fara da abin da ya fi sauƙi. Sau da yawa rediyon a kashe yake, ko da wani maɓalli a jikin kwamfutar, ko da madannin nan mai hoton jirgin sama. In aka buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, aka rubuta rfkill list, sai kwamfutar ta faɗa ko an toshe rediyon ne daga manhaja ko daga ƙarfe. In daga manhaja ne, rfkill unblock wifi ya isa. In daga ƙarfe ne, tilas a nemo maɓallin da hannu, gama ba umarnin da zai buɗe shi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen tafinta. Katin nan yana da harshensa, Linux tana da nata, sai an sami wata 'yar manhaja a tsakani mai fassara, wadda masana suke kira direba. Bayan direba kuma, yawancin katunan suna bukatar a loda musu wani ɗan kundin umarni daga kamfanin da ya ƙera su duk lokacin da aka kunna kwamfuta. In babu shi, katin yana nan kamar doki da sirdi ba linzami. Shekaru da yawa wasu kamfanoni sun ɓoye sirrin katunansu, masu Linux suka yi ta lalube cikin duhu. Kamfanin Broadcom sai a 2010 ya saki buɗaɗɗen direba domin wasu katunansa. Masu haɗa Debian kuwa, ɗaya daga cikin tsofaffin rassan Linux, sun daɗe suna ƙin sa kundin kamfanoni cikin faifansu na asali saboda aƙidarsu ta buɗaɗɗiyar manhaja, sai a fitowa ta 12, a 2023, suka sa shi. A ganinmu sun kyauta, domin aƙidar da ta bar ɗalibi ba hanyar karatu ta yi masa tsada.

Yadda za a gane wannan ciwo ba wuya. Umarnin lspci yana faɗin sunan katin da kamfaninsa, ko Intel ne, ko Realtek, ko Broadcom, ko wani. Umarnin dmesg kuma yana nuna littafin da zuciyar Linux take rubuta abin da ya same ta tun da aka kunna. In kundi ya ɓace, a nan za a ga ta ce ta neme shi ba ta samu ba, har da sunansa. Abin dariyar shi ne, maganin yana cikin intanet, intanet ɗin kuwa shi aka rasa. Dabara ita ce a jona wayar hannu da igiyar USB, a aro intanet ɗinta na 'yan mintoci, a sauko da abin da ya ɓace. Wanda katinsa ya gagara sam, sai ya leƙa kasuwar Plaza Low Yat a unguwar Bukit Bintang ya sayi ɗan ƙaramin kati na sokawa, amma ya bincika tukuna ko Linux ta san shi kafin ya biya kuɗi.

Akwai kuma wani abu da matafiya kaɗai yakan sama. Kowace ƙasa tana da dokarta kan zangon rediyo. A layin gigahaz 2.4, Amurka ta saba da tasha 1 zuwa 11, Maleshiya kuwa ta yarda har 13. Kwamfutar da aka sayo gwanjo daga Amurka, in har yanzu tana zaton a can take, tana iya ganin akwatunan maƙwabta duka, ta kasa ganin na ɗakin da take ciki, don kawai yana kan tasha 13. Umarnin iw reg get yana nuna ƙasar da take zato; iw reg set MY yana gaya mata ta iso Maleshiya, ko da yake wasu katunan sukan yanke wa kansu wannan hukunci, ba su jin na mai su.

Kuala Lumpur kuwa gari ne na dogayen benaye, kowane gida da akwatinsa. A 2012 hukumar birnin ma ta shar'anta wa gidajen abinci masu faɗin da ya wuce murabba'in mita 120 su tanadi Wi-Fi kafin a ba su lasisi. Alhali kuwa cikin tashoshin nan na gigahaz 2.4, uku ne kaɗai aka saba zaɓa da ba su taka juna, watau 1 da 6 da 11. Sai abin ya zama kamar kasuwar Kurmi da hantsi, kowa yana magana, ba mai jin wani. Tukunyar ɗumama abinci ta lantarki ma a wannan zango take aiki. Wanda hanyarsa take yankewa da dare, sa'ad da kowa ya komo gida, ya koma layin gigahaz 5, wanda ya fi yalwar tashoshi, amma ya matso kusa da akwatin, gama wannan zango ba ya ratsa bangon kankare sosai.

Wani lokaci kuma kwamfuta takan ce ta haɗu, amma shafi ya ƙi buɗewa. A gidan abinci ko masauki, galibi akwai shafin shiga da ke jiran a amince da sharuɗɗa tukuna. In ba shi ba ne, a rubuta ping 1.1.1.1. In amsa ta komo, hanya lafiya take, laifin yana ga na'urar DNS, wadda take juya sunayen shafuka zuwa lambobi, sai a sake wata. In amsa ba ta komo ba, a duba da umarnin ip address ko akwatin ya ba kwamfutar lambarta. In bai ba ta ba, a kashe shi, a ƙirga talatin, a sake kunnawa.