Tambayar "Ka Tabbata?" Ba Ta Sauke Nauyi

Akwai wata ta'ada da ta yi katutu a wurin masu ƙera manhaja, wadda na gaji da ganinta: duk sa'ad da mutum zai aikata abin da ba ya warwaruwa, kamar goge hotuna ko tura kuɗi, sai su jefo masa tambaya guda, wai "Ka tabbata?", da I da A'a a ƙarƙashinta, sa'an nan su ɗauka sun sauke amanar da ke wuyansu.

Wannan zato kuwa ɓatacce ne, domin tambayar da mutum ya saba amsawa safe da yamma a kan ƙananan al'amura, ranar da babban al'amari ya zo, yatsansa zai riga hankalinsa amsa ta, alhali ba ta faɗa masa kome game da abin da zai rasa ba. A ran 8 ga Disamba 2005, wani ma'aikacin kamfanin Mizuho a Japan ya yi nufin sayar da hannun jari 1 a kan yen 610,000, sai ya rubuta hannun jari 610,000 a kan yen 1. Gargaɗi ya fito a allon kwamfutarsa, ya wuce shi, kamfanin ya tafka hasarar kimanin yen biliyan 40. Na'urar kasuwar hannun jari ta Tokyo ma ta ƙi karɓar sokewa, amma wannan wani babi ne. Masu cewa maganin gafala shi ne a ƙara yawan gargaɗi, su suke koya wa jama'a gafalar da hannunsu.

Saboda haka wajibi ne marubucin irin wannan saƙo ya ambaci abin da sunansa da adadinsa da aƙibarsa, ya ce, misali, "Za a goge hotuna 214 daga wayar nan, kuma ba za a iya maido da su ba", ya kuma rubuta aikin kansa a bisa maɓalli, ɗaya "Goge hotunan", ɗaya "Bar su", don wanda bai karanta kome ba sai maɓallin ya san inda ya dosa. Manhajojin bankunanmu da ke nuna sunan mai asusu kafin kuɗi su fita sun bi wannan hanya. GitHub kuwa, dandalin masu ƙera manhaja, ba ya yarda a goge ma'ajiyar aiki sai an rubuta sunanta da hannu. Inda kuma ana iya jinkirta aikin, a bar tambayar ɗungum, a ba da damar janyewa, yadda Gmail ke riƙe wasiƙa har daƙiƙa 30.

A kuma guji shubuha, don Allah. Wanda ya zo soke cinikin da ya yi, aka tambaye shi ko ya tabbata, aka ajiye masa "To" da "Soke", ta yaya zai san ko cinikin zai soke ko tambayar?