Ciwon sikileroz: shin gadonsa ake yi?

A shekarar 1868 ne wani babban lokotoro na Faransa, Jean-Martin Charcot, ya bayyana ciwon da ake kira « sclérose en plaques » da Faransanci, watau sikileroz. Dakarun da ke tsaron jiki ne ke juyowa su cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na lakar gadon baya. Daga nan gani ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, tafiya ta gagara. Yawanci yakan fara tsakanin shekara 20 da 40, ya fi kama mata, ya kuma fi yawa a ƙasashen sanyi kamar Kanada da arewacin Turai.

In ya shiga gida, tambayar farko ita ce: yara fa? Binciken da aka yi a waɗannan ƙasashe ya nuna cewa cikin mutum 100 da uwa, uba ko ɗan'uwansu na ciki ɗaya ke da ciwon, 2 zuwa 4 ne ke kamuwa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, da halittarsu guda ce, in Hasan ya kamu, sau ɗaya ne kawai cikin uku ko huɗu Husaini ke bin sa. A 1995 kuma masana a Kanada suka gano cewa ɗan riƙo da ya tashi a gidan mai ciwon bai fi sauran jama'a haɗari ba. Ashe zama tare ba ya kawo shi.

Ya sha bamban da amosanin jini, inda in iyaye biyu na ɗauke da irin, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu. A sikileroz an gano wurare fiye da 200 a ƙwayoyin halitta, kowanne da ɗan tasirinsa. Akwai kuma shan taba, da ƙarancin bitamin D, da ƙiba a ƙuruciya, da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda binciken 2022 kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna girman hannunta a ciki.

Saboda haka bai kamata a fasa aure ko a guji majinyaci don tsoron gado ba. Wanda ciwon ke cikin danginsa ya bar taba, in kuma ya ga alama ya gaya wa lokotoro tarihin gidansu. Ba a sami maganin warkewa ba tukuna, amma akwai masu rage tashinsa, sun kuwa fi amfani in an fara da wuri.