Gyambo a Jikin Kifi: Ku Fara Duba Ruwa

Ƙungiyoyi da yawa a ikilisiyoyinmu sun haɗa kuɗi sun haƙa tafkin kifi, waɗansu ma da rance suka sayi 'ya'yan tarwada ko karfasa. Akwai wata cuta da kan shiga tafki a ɓoye, in ba a lura ba ta cinye wahalar shekara guda cikin 'yan makonni. Ita ce ciwon fata.

Yadda za ku gane ta

Za ku ga jan tabo a gefen kifi ko a cikinsa, daga baya ya zama gyambo. Wannan yawanci aikin ƙwayar cuta ce mai suna Aeromonas. Wata kuma, da ake kira kolumnaris, takan sa fari-farin tabo a gadon baya da baki, ta cinye wutsiya. Kifin yakan ƙi cin abinci, ya ware kansa, ya yi ta shawagi a saman ruwa. Irin cutar nan ce ke kama kifin ado da ake ajiyewa cikin akwatin gilashi a birni.

Daga ina take zuwa?

Ƙwayoyin nan kullum suna cikin ruwa. Allah ya rufe jikin kifi da yauƙi domin ya tsare shi daga gare su. Sai yauƙin ya goge, ko kifi ya ji rauni, sa'an nan su sami ƙofa. Abin da ke buɗe musu ƙofa shi ne cunkoso, da ragowar abinci mai ruɓewa a ƙasan tafki, da kama kifi da busasshen hannu, da haɗa manyan tarwada da ƙanana har su riƙa cizon juna. Saboda haka wanda ya zuba magani bai gyara ruwa ba, ya yi asarar kuɗinsa.

Abin da za ku yi

1. Ku dakatar da abinci kwana 1 ko 2.
2. Ku zubar da sulusin ruwan, ku ƙara sabo mai tsabta.
3. Ku tsame matattu kowace safiya, ku binne su nesa da tafki. Kada a ci, kada a jefa wa karnuka.
4. Ku ware masu gyambo, ku yi musu wankan gishiri. A narka gishiri giram 200, wato kamar cikin ƙaramin gwangwanin madara, a ruwa lita 20. A sa kifin minti 10 zuwa 15, ana tsaye a kansa. In ya fara kifewa, a fitar da shi nan da nan zuwa ruwa mai daɗi.
5. In mutuwa ba ta tsaya ba, ku kira malamin dabbobi. Shi zai faɗi ko a gauraya oksitetrasaikilin cikin abinci, da yawan da za a sa. Akan ba da shi kwana 10, sa'an nan a jira aƙalla kwana 21 kafin a ci kifin ko a kai kasuwa. Kada ku sayi kafso a kasuwa ku zazzaga cikin tafki. Yin haka yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da yaronku zai bukace shi ya ƙi yin aiki.

Gargaɗi ga ƙungiya

Taru ɗaya da ake aro daga tafki zuwa tafki yana iya yawo da cutar. A wanke shi, a shanya a rana ya bushe sarai kafin a ba wani. Mai rauni a hannu ko ƙafa kada ya shiga ruwan. Bayan an kwashe kifi, a bar ƙasan tafki ta bushe har ta tsage.

Wanda ya ga gyambo a tafkinsa, kada kunya ta sa ya ɓoye. Ya faɗa wa shugaban ƙungiya ran nan, gama ta haka zai ceci na ɗan'uwansa. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku.