Haƙƙin Majinyaci a Wuyan Hukuma da Gurbin da Zakka Ke Cikewa

Wannan bayani ne ga masu ba da zakka da wakafi da kwamitocin masallatai na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, a kan tambayar da ake yawan yi mana: me ya sa gidauniya take bincike kafin ta biya wa majinyaci kuɗin magani? Dalili shi ne, wani sashe na abin da ake karɓa daga talaka a asibiti, doka ta riga ta ɗora shi a wuyan gwamnati. Idan aka biya shi da zakka an yi hasara biyu, domin dukiyar miskinai ta tafi inda ba a buƙatarta, wanda aka damƙa wa amana kuma ya tsira ba a tambaye shi ba.

Asibitocin gwamnati mataki uku ne, kowanne da mai sa masa ido. Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau tana hannun gwamnatin tarayya. Manyan asibitocin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, na jiha ne. Ƙananan cibiyoyin mazaɓu kuwa, inda ake awon ciki da rigakafi da maganin zazzaɓi, a da ragamarsu ta rarrabu tsakanin ƙananan hukumomi da ma'aikatu daban-daban, har a 2011 aka amince da manufar tattara su ƙarƙashin hukuma guda a kowace jiha. A Zamfara wannan aiki na Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jiha ne. Sanin wannan rabe-rabe yana da amfani, domin wanda ya kai kuka ƙofar da ba ita ba ce, yakan dawo da tsammanin babu mai saurare.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma an fara ware masa kuɗi a kasafin 2018. Dokar ta raba shi kamar haka: kashi 50 don inshorar magani, kashi 45 don magunguna da gyaran cibiyoyi da ma'aikata, kashi 5 don agajin gaggawa. Manufar ita ce a samu aƙalla cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, Zamfara kuwa mazaɓu 147 gare ta. Kason inshorar yana bi ta hukumar ZAMCHEMA, wadda ke rajistar marasa galihu domin a duba su ba tare da sun biya ba. Haka nan allurar rigakafin yara da maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Sashe na 20 na dokar ya hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa saboda kowane dalili, sashe na 30 kuma ya ba kowa damar kai ƙorafi a kan yadda aka yi masa a asibiti, a kuma bincika.

Abin da ya fi shafar kwamitocin masallatai shi ne, tsarin ya tanadi kwamitin raya mazaɓa, wanda ya ƙunshi wakilan sarakuna da malamai da mata da matasa. Kuɗin gudanarwa yana shiga asusun bankin cibiyar kai tsaye duk bayan wata uku, kuma shugaban wannan kwamiti yana cikin masu sa hannu kafin a cire shi. Ke nan matakin farko na sa ido yana cikin garinmu, a hannun mutanen da muke sahu ɗaya da su. Inda kwamitin ya zama suna kawai, babu wanda zai san ko kuɗin ya iso, ko maganin da aka ce na kyauta ne ya koma shagon da ke bakin ƙofar asibiti.

Yankinmu ya ɗanɗana sakamakon raunin sa ido. Annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017, wadda aka fara gani a ƙaramar hukumar Zurmi, ta yi nisa kafin labari ya isa inda ya kamata, kuma ta kashe fiye da mutum dubu a faɗin ƙasa. Daga baya hare-haren 'yan bindiga suka kori ma'aikata daga cibiyoyin karkara masu yawa, jami'an duba aiki kuma suka kasa bin wasu hanyoyi. A tantancewar da Ƙungiyar Likitoci Na-Gari Na-Kowa ta yi tare da ma'aikatar lafiya a Shinkafi da Zurmi a watan Yunin 2024, an samu fiye da yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. A watan Janairun shekarar ne Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. Gyaran gini abu ne da ake gani daga nesa, amma ko ungozoma tana kwana a cibiya, mutanen garin ne kaɗai za su iya shaidawa.

Ta fuskar shari'a, aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka ga aji takwas, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ana ba da ita ga mutum ne, ba a gina asibiti ko gada da ita. Majinyaci fakiri yana da haƙƙi a cikinta saboda talaucinsa, haka wanda bashin jinya ya yi wa katutu. Gini da rijiya da hasken rana da motar ɗaukar marasa lafiya kuwa fagen wakafi ne, kamar yadda asibitin Sarki Ƙalawun da aka gina a Alƙahira a 1284 ya daɗe yana jinyar mutane kyauta daga dukiyar wakafi. Shi ma wakafi ba ya tafiya sai da mai kula da shi wanda ake yi wa hisabi.

Saboda haka gidauniya take kai zakka inda tsarin gwamnati bai kai ba: kuɗin motar mai naƙuda daga ƙauye zuwa babban asibiti, abincin mai jinya, gwajin jini da maganin da inshora ba ta ɗauka ba, da wanda bai samu shiga rajista ba alhali ciwo ba ya jira. A halin gaggawa ana fara ceton rai ne, bincike ya biyo baya.

Muna roƙon kowane kwamitin masallaci ya san shugaban kwamitin raya mazaɓarsa, ya nemi a sa wakilinsa a ciki. Ya tattara sunayen zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira, ya raka su wajen rajistar inshora. Ya riƙa tambaya cikin ladabi ranar da kuɗi ya shigo da abin da aka yi da shi. Idan an karɓi kuɗi a kan abin da yake kyauta, a rubuta rana da adadi, a fara da shugaban cibiya, sannan sashen lafiya na ƙaramar hukuma, sannan hukumar jiha. A tuna cewa ma'aikacin da ya tsaya a bakin aikinsa a waɗannan garuruwa ya sa ransa a haɗari, don haka ya cancanci kariya da godiya, kuma sau da yawa matsalar daga sama take.

Allah Ya karɓa daga masu bayarwa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Zamfara, amin.