BABI NA UKU: TASIRIN SARRAFAWA A KAN SINADARAN TIANMA DA DANGOGINSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayanin tsire-tsiren dangin okid waɗanda Sinawa ke haɗa magungunan gargajiya da su. A wannan babi kuwa za a duba abin da ke faruwa ga sinadaran da ke cikinsu, tun daga lokacin da aka haƙo su har zuwa lokacin da suka isa hannun mai magani. An ɗauki Tianma a matsayin zakaran gwajin dafi, daga baya a kwatanta shi da Baiji da Shihu. Manufar babin ita ce a nuna cewa hanyar da aka bi wajen sarrafa tsiro ita ke yanke hukunci a kan irin sinadarin da majinyaci zai sha, da kuma yawansa.

3.1 Ma'anar Sarrafawa a Wurin Sinawa

Sinawa na kiran aikin gyara tsiro kafin ya zama magani da suna paozhi. Aikin ya ƙunshi wankewa da yankawa da turarawa da dafawa da soyawa, wani lokaci tare da giya ko zuma ko ruwan citta. Wannan ilimi ya daɗe, domin littafin Leigong Paozhi Lun, wanda ake danganta shi da wajen ƙarni na 5, a kan wannan fanni kaɗai ya tsaya. Haka kuma Li Shizhen ya bayyana hanyoyin gyara magunguna da dama a littafinsa Bencao Gangmu da aka buga a 1596. A zamanin yau, Kundin Ƙa'idojin Magunguna na Ƙasar Sin shi ke fayyace yadda za a sarrafa kowane tsiro da irin awon da za a yi masa.

Sarrafawa tana da matakai biyu. Akwai wadda manomi ke yi a inda aka haƙo tsiron, akwai kuma wadda ake yi daga baya a masana'anta ko a shagon magani. Dangane da tsire-tsiren da ake nazari a nan, matakin farko ya fi tasiri, saboda a lokacin ne tsiron ke ɗanye.

3.2 Tianma da Sinadaransa

Tianma, wanda masana tsirrai ke kira Gastrodia elata, tsiro ne da ba shi da koren ganye, don haka ba ya haɗa abincinsa da hasken rana. Yana samun abinci ne daga wani nau'in naman kaza mai suna Armillaria da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace. Abin da ake amfani da shi shi ne tushensa mai kama da dankali. Ana nomansa a lardunan Yunnan da Guizhou da Sichuan da Shaanxi, kuma na yankin Zhaotong da ke Yunnan ya yi suna ƙwarai. Masu magani na ba da shi don ciwon kai da jiri da farfaɗiya da sagewar gaɓoɓi.

Sinadarai uku ne suka fi muhimmanci a cikinsa, kuma kowanne yana da alaƙa da ɗan'uwansa:

(i) HBA, wato haidurokisibenzil, shi ne mafi ƙanƙanta.

(ii) Gastirodin, wanda HBA ne da aka liƙa masa ƙwayar sukarin gulukos guda ɗaya.

(iii) Farishin, wanda gastirodin ne da ya haɗu da sinadarin tsamin da ake samu a lemun tsami. Farishin A yana ɗauke da gastirodin uku, farishin B da C suna ɗauke da biyu-biyu, farishin E kuwa ɗaya.

Ke nan ana iya cewa farishin rumbu ne na gastirodin, shi kuma gastirodin rumbu ne na HBA. Duk abin da ya tsinke ɗaurin da ke tsakaninsu zai rage wani ya ƙara wani.

3.3 Turarawa

Kundin ƙa'idoji ya tanadi a haƙo Tianma daga farkon hunturu, wajen watan Nuwamba, zuwa farkon watan Afrilu, a wanke shi nan take, a turara shi har ya nuna ciki, sannan a busar da shi da zafi kaɗan. Turarawar tana kama da yadda ake turara dambu, wato tururi ne ke dafa tushen ba tare da ya nutse cikin ruwa ba. Abubuwa uku ke faruwa a wannan mataki.

Na farko, ɗanyen tushe yana ɗauke da wani inzayim, wato sinadari mai hanzarta farfasa wasu sinadarai, wanda aikinsa shi ne cire gulukos daga jikin gastirodin ya mayar da shi HBA. Idan aka yanka tushen aka shanya shi ɗanye, inzayim ɗin zai ci gaba da aiki muddin akwai danshi, gastirodin ya yi ta raguwa. Zafin tururi yana kashe wannan inzayim.

Na biyu, zafi da danshi suna tsinke ɗaurin da ke tsakanin gastirodin da sinadarin tsami. Saboda haka farishin A yakan ragu, gastirodin ya ƙaru. Wannan ne ya sa tushen da aka turara yakan fi wanda aka shanya ɗanye yawan gastirodin.

Na uku, sitacin da ke cikin tushen yakan narke ya yi danƙo, idan ya bushe sai ya yi tauri da sheƙi kamar ƙaho. Wannan alama ce 'yan kasuwa suka daɗe suna dubawa tun kafin a san sunan gastirodin.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Gastirodin yana narkewa cikin ruwa, don haka idan aka tafasa tushen a ruwa maimakon a turara shi, wani kaso zai bi ruwan da za a zubar. Haka kuma turarawar da ta wuce kima takan rage farishin ƙwarai.

3.4 Hayaƙin Farar Wuta

Wasu masu sarrafawa sukan ƙona farar wuta su turara tushen da hayaƙinta, domin ya bushe da wuri, ya yi fari, ƙwari da hunhuna kuma su ƙyale shi. Hayaƙin yakan haɗu da danshin tushen ya zama ruwa mai tsami, wanda ke farfasa gastirodin da farishin. Bincike ya gano wani sabon sinadari, wato HBA da ya haɗu da farar wuta, a cikin Tianma da aka yi wa wannan aiki, har ana amfani da shi a matsayin shaidar an yi hayaƙin. Sakamakon haka, tushen da ya fi kyau a ido yana iya zama wanda ya fi rauni a magani. Bugu da ƙari, ragowar farar wuta tana iya tayar wa masu asma ciwonsu. Wannan ne ya sa bugun kundin na 2020 ya ƙayyade cewa kada ragowar hayaƙin ta wuce miligiram 400 a kowane kilo na Tianma da Baiji, yayin da yawancin sauran magunguna aka tsayar musu da miligiram 150.

3.5 Baiji da Shihu

Baiji, wato Bletilla striata, ana amfani da tushensa wajen tsayar da jini. Ana dafa shi ko a turara shi har farin da ke tsakiyarsa ya ɓace, sannan a busar. Babban sinadarinsa mai suna militarin yana da siga irin ta farishin, domin shi ma gastirodin biyu ne a ɗaure da wani sinadarin tsami. Don haka zafi mai yawa yana iya tsinke shi. Bugun 2020 ya nemi kada militarin ya gaza kashi 2 cikin 100.

Shihu kuwa suna ne na tsire-tsiren Dendrobium, kuma kara ake amfani da shi. Nau'in Tiepi Shihu akan murɗa karansa a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya naɗe kamar dodon koɗi, ana kiran wannan fengdou. Abin da ake nema a cikinsa shi ne sukari mai dogon zare da ke sa shi yauƙi idan an tauna, kuma an ƙayyade kada ya gaza kashi 25 cikin 100. A nan, amfanin zafi shi ne tsayar da rayuwar karan da wuri, kafin ya cinye abincin da ya tara.

3.6 Matsalar Awo

Bugun kundin na 2010 gastirodin kaɗai ya nemi a auna, kada ya gaza kashi 0.20 cikin 100. Daga bugun 2015 aka koma auna jimillar gastirodin da HBA, kada ta gaza kashi 0.25 cikin 100. Wannan gyara ya rage kuskure, domin gastirodin da ya koma HBA zai shiga lissafi. Amma wannan adadi bai ƙunshi farishin ba, alhali gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa farishin yana komawa gastirodin a cikin jiki. Ke nan tushen da aka turara sosai zai iya nuna adadi mai yawa a ɗakin gwaji don kawai an buɗe rumbunsa, wanda aka turara kaɗan kuma ya nuna adadi ƙasa da haka ko da yake jimillar abin da ke cikinsa ba ta gaza ba.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tururi yana kashe inzayim, yana kuma sakin gastirodin daga farishin, yayin da tafasawa ke wanke shi, hayaƙin farar wuta kuma ke lalata shi. An kuma ga cewa Baiji da Shihu kowanne yana da irin zafin da ya dace da shi. Saboda haka, duk wanda zai kwatanta ingancin waɗannan magunguna, wajibi ne ya san yadda aka sarrafa kowane samfuri, ya kuma auna farishin tare da gastirodin da HBA. Babi na gaba zai duba hanyoyin da ake bi wajen yin wannan awo.