Idan Yaro Ya Karye a Hannun Mataimaki, Wa Zai Biya?

Da zarar gero da dawa sun shiga rumbu a ƙasar Tambuwal da Kebbe, sai kalangu ya fara kiran samari. Lokacin dambe da kokawa ke nan, daga Dogon Daji da Sanyinna har zuwa Kuchi. 'Yan kallo sun san sunan gwanin da ake yi wa kirari, amma ba kasafai suke lura da wanda ke ɗawainiyar yara masu tasowa ba. Maigida yana yawon wasa gari-gari. Babban yaronsa ne ke naɗa wa ƙanana zare a hannu, shi ke cewa wane ya kara da wane, shi ke raba su idan abin ya yi zafi. Haka tsarin yake a kulob na tekwando da karate: malami ɗaya mai baƙar ɗamara, sai ɗalibi babba da ake bar wa aji.

A kan wannan mataimaki ne maganganu suka yi yawa, wasu gaskiya, wasu kuwa ji-ta-ji-ta ce da ke iya jefa saurayi cikin bashin da bai taɓa tsammani ba.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce, “Ai yaron maigida ne, komai ya faru maigida za a tambaya.” Rabin gaskiya ce. A dokar da kotunan Najeriya ke bi, wanda ya sa mutum aiki yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ma'aikacin ya yi a bakin aiki. Sai dai wannan bai wanke ma'aikacin ba. Uban yaron da aka raunata yana da damar ya kai ƙarar maigida, ko mataimaki, ko su biyun. Idan maigida ba ya gari, ko ba shi da abin biya, ido kan wanda ya tsaya a fili zai koma.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Jihar Sakkwato ke aiki da shi, ya yi bayanin wannan dalla-dalla, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya ci karo da shi. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya. Ido ɗaya rabin diyya ne. Haƙori ɗaya raƙuma 5. Idan kuskure ne, kuma abin ya kai sulusin diyya ko ya wuce, dangin mutum na wajen uba, wato aƙila, su ke haɗuwa su biya. Abin da bai kai sulusi ba kuwa, daga aljihun wanda ya yi raunin zai fito. To, a duba irin raunin da aka fi samu a wajen horo: haƙori ya fita, yatsa ya karye, haƙarƙari ya tsage. Kusan duka ƙasa da sulusi suke. Ashe mataimakin da ya nuna wa yaro bugu hannunsa ya zarce, shi kaɗai ne da kayansa, ko dangi ba a wajabta musu tallafa masa ba.

Akwai masu cewa tunda ba albashi ake ba shi ba, ba za a kama shi da komai ba. Wannan ba gaskiya ba ce. Kotu ba ta tambayar nawa aka biya mutum. Abin da take tambaya shi ne wa ya karɓi amanar yaran a wannan lokaci. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila da Wales ta tabbatar da alhaki a kan wani alƙalin wasan zari-ruga wanda ba sana'arsa ba ce, sa kai kawai yake yi, saboda ya bari an ci gaba da wasa cikin yanayi mai haɗari har wani ɗan wasa ya shanye. Hukuncin Ingila ba dole ba ne a kan alƙalin Najeriya, amma lauyoyinmu suna kafa hujja da irinsa, domin tushen dokar ɗaya ne.

Maganar da ta fi kusa da gaskiya ita ce ta masu cewa wanda ya shiga fili da ƙafarsa ya yarda da duka. Haka ne. Baligin da ya naɗa hannu ya shiga turmi uku ba zai dawo ya yi ƙarar abokin karawarsa don an kumbura masa fuska ba. Amma abin da ya yarda da shi dukan wasa ne, bai yarda da sakacin masu kula ba. Haɗa ɗan shekara 12 da ƙato ɗan shekara 18, sa yara kokawa a kan tsandauri maimakon yashi, mayar da yaro fili bayan ya sha bugu a ka yana layi, duk waɗannan ba sa cikin abin da kowa ya amince da shi. Ƙaramin yaro ma ba shi da ikon yafe irin wannan haƙƙi da bakinsa.

Labarin ɗan damben Birtaniya Michael Watson ya isa misali. A watan Satumba na 1991 ya kara da Chris Eubank a Landan, ya faɗi da rauni a ƙwaƙwalwa, ya yi kwana 40 bai san inda yake ba. Bai yi ƙarar Eubank ba. Hukumar damben Birtaniya ya kai kotu, saboda ba ta tanadi agajin gaggawa da ya dace a bakin fili ba, kuma ya yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000. Sai da hukumar ta sayar da ofishinta na Landan ta koma Kadif. Duk mai tara yara a Kebbe, inda babban asibitin koyarwa na Sakkwato ke da tafiya mai nisa, ya kamata wannan labari ya tsaya masa a rai.

Sai batun inshora. An ce gwamnati ta wajabta wa duk mai koyar da wasa ya yanki inshora. Ba haka ba ne. Daga cikin waɗanda aka wajabta akwai ta mota, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, da ta gine-ginen da jama'a ke shiga, da ta rayuwar ma'aikata, da ta ma'aikatan lafiya. Ta gini tana biya ne idan rufi ya rufto ko gobara ta tashi, ba idan ɗalibi ya hauri ɗan'uwansa ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa da kashi 1 cikin 100 na albashi, tana duba raunin ma'aikaci ne shi kansa. Katin lafiya na hukumar SOCHEMA ta Jihar Sakkwato kuma magani yake sauƙaƙa wa mai katin. Babu ɗaya a cikinsu da zai tsaya wa mataimaki ranar da aka ce shi ya jawo.

Abin da ke tsaya masa shi ne inshorar ɗaukar alhaki: kamfani ya biya diyyar da aka yanke da kuɗin lauya, har iyakar adadin da aka rubuta. A nan ma akwai tarko. Takardar da maigida ya yanka da sunansa shi kaɗai ba lallai ta rufe yaransa ba, sai an ambaci mataimaka da masu sa kai a ciki. Kamfanoni da yawa suna cire wasannin duka daga yarjejeniya idan ba a faɗa musu tun farko ba. Sau da yawa ba ta bin mataimaki idan ya buɗe nasa ajin a wani ƙauye. Ba ta kuma biyan abin da aka yi da gangan, kamar yadda aƙila ma ba ta ɗaukar ganganci.

“Inshora haramun ce,” in ji wasu, su rufe magana. Masu faɗin haka suna da madogara, amma ba su kai ƙarshen zancen ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda garari da ke cikinta, sannan a cikin wannan hukuncin ta halatta ta taimakon juna. Ita ce takaful: mahalarta su zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda abu ya sama, rarar da ta saura a raba musu. An fara ta a Sudan a 1979. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yau akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful.

Gaskiya ne yawancin irin waɗannan matsaloli a Tambuwal da Kebbe ba sa kaiwa kotu. A kai yaro wurin maɗori, dattawa su zauna a ƙofar hakimi, uba ya ce, “Ƙaddara ce, mun yafe.” Wannan hali ne mai kyau, Allah ya bar mu da shi. Amma yafiya kyauta ce daga mai haƙƙi, ba wanda zai tilasta masa, kuma ba ta biyan kuɗin hoton ƙwaƙwalwa ko aikin ƙashi. Iyali da dama sun yafe da baki, sannan suka sayar da tunkiya ko suka jinginar da gona don jinyar ɗansu.

Saboda haka, saurayin da aka bar wa yara ya sami maigidansa cikin ladabi ya ce, “Maigida, in wani abu ya faru a hannuna, akwai takardar da sunana ke ciki?” Idan akwai, ya karanta ta da idonsa, ya tabbatar an rubuta irin wasan da wurin da ake yin sa. Idan babu, sarakunan dambe da shugabannin kulob na ƙananan hukumomin biyu su haɗa kai su nemi dillali mai lasisin NAICOM ya yanka musu takaful ta rukuni, kafin kaka mai zuwa.